Yadda Za Ka Yi Wa Mota Sabis A Wajen Dila Ba Tare Da Ka Rasa Garanti Ba

Ranar da mutum ya karɓi makullin sabuwar mota, da wuya ya bar harabar dila ba a ja masa kunne ba cewa duk sabis nan zai riƙa kawo ta, kuma in ya kuskura ya kai ta wani gareji to garanti ya tashi. Masu motoci da yawa sun riƙe wannan magana tamkar doka, suna biyan kuɗin da ya fi ƙarfin aikin, wasu kuma suna yin doguwar tafiya domin canjin baƙin mai kawai. Maganar ba ta cika gaskiya ba. A ƙasashe da dama doka ta hana kamfani ɗaure garanti da sabis ɗin dilansa, kuma abin da yake kashe garanti a zahiri shi ne sabis ɗin da aka yi a makare, ko aka yi da kayan da ba su dace ba, ko kuma aka yi shi daidai amma babu takardar da za ta tabbatar. Wannan na ƙarshen shi ya fi cin mutane, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Abin da doka ta ce

A Amurka akwai dokar Magnuson-Moss ta shekarar 1975, wadda ta hana kamfani sharɗanta garanti da amfani da kayansa ko ma'aikatansa, sai fa idan kyauta yake bayar da su. Hukumar kula da cinikayya ta tarayya, wato FTC, ita ce take sa ido a kan wannan, kuma a 2015 ta sa kamfanin BMW ya janye irin wannan sharaɗi daga garantin motocin MINI, sannan a 2018 ta aika wa wasu kamfanoni shida wasiƙun gargaɗi, Hyundai na cikinsu. A Tarayyar Turai kuwa, ƙa'ida mai lamba 461/2010 ce take tafiyar da gasar da ke tsakanin diloli da garejoji masu zaman kansu, kuma an tsawaita wa'adinta zuwa ƙarshen watan Mayu na 2028. Birtaniya ta kafa tata makamanciyar dokar daga watan Yuni na 2023 bayan ta fice daga Tarayyar. Ostireliya ma, tun daga 1 ga Yuli 2022, ta tilasta wa kamfanonin mota su sayar wa kanikawa masu zaman kansu bayanan gyara a kan farashi mai adalci.

Duk waɗannan dokoki manufarsu ɗaya ce. Mota taka ce, kana da ikon zaɓar wanda zai yi mata sabis, amma kamfani yana da ikon ƙin biyan lalacewar da mugun aiki ko mugun kaya suka jawo. Wato idan bakanike na waje ya zuba man da bai dace ba injin ya buga, kamfani ba zai biya injin ba, amma wannan ba ya ba shi hujjar ƙin gyara na'urar ɗaga gilashi ko rediyon da ya mutu. Inda babu irin wannan doka, to abin da aka rubuta a yarjejeniyar garanti shi ne hukunci, kuma idan an rubuta ɓaro-ɓaro cewa sai a wurin dila, ba ka da mafita illa ka bi ko ka haƙura da garantin. Saboda haka kafin komai ka san dokar ƙasar da aka sayi motar da kuma ƙasar da take yawo a cikinta, domin garanti ba koyaushe yake tsallake iyaka tare da mota ba.

Mataki na farko: ka karanta takardun da kanka

Sabuwar mota takan zo da littafin mai mota, da littafin sabis, da takardar garanti. Ka zauna ka karanta ta ukun daga farko har ƙarshe, kada ka dogara da abin da mai sayarwa ya faɗa maka da baki, domin shi ciniki yake nema, kuma ribar dila mai tsoka daga sashen sabis take fitowa. Abin da za ka gano da wuri shi ne kalmar garanti ta tattara abubuwa daban-daban, kowanne da sharuɗɗansa.

Akwai garantin kamfani na asali, wanda ya shafi motar gaba ɗaya. Shi ne dokokin da na ambata suka fi karewa. Toyota a Amurka, alal misali, tana bayar da shekara 3 ko mil 36,000 a kan dukan mota, da shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya, yayin da Kia a Turai take bayar da shekara 7 ko kilomita 150,000. Akwai garantin tsatsa, wanda yakan kai shekara 12 a wasu kamfanoni, kuma wasu sukan sharɗanta shi da duba jikin mota lokaci-lokaci a wurin wakilinsu. Akwai garantin batirin motar lantarki, wanda galibi shekara 8 ne ko kilomita 160,000.

Sannan akwai nau'in da ya fi rikita mutane, wato ƙarin garanti da ake samu a matsayin lada don an yi sabis a wurin dila. A Birtaniya Toyota tana ƙara wa mota garantin shekara ɗaya ko mil 10,000 duk lokacin da aka yi mata sabis a wurin wakilinta, har ta kai shekara 10 ko mil 100,000. Mitsubishi a Ostireliya tana bayar da shekara 5 ga kowa, amma tana ninka shi zuwa shekara 10 ga wanda bai taɓa yin sabis a waje ba. Wanda ya fita waje a irin wannan tsari bai rasa garantinsa na asali ba, ƙarin ne kawai ya wuce shi, kuma ya kamata ya yi lissafi tun farko ko rarar da zai samu a garejin waje ta kai darajar shekarun da zai bari. Haka nan garantin da ake saye daban daga kamfanin inshora ko daga dilan motocin hannu, wannan yarjejeniya ce mai zaman kanta, kuma sharuɗɗanta sukan fi tsanani. Wanda ya karɓi mota a kan haya ko bashin banki shi ma ya duba takardarsa, domin mai kuɗin yana iya sharɗanta inda za a yi sabis, tun da motar ba ta zama ta mai tuƙa ta ba tukuna.

Idan ka ci karo da jimlar da ba ka gane ba, ka rubuta wa sashen kula da abokan ciniki na kamfanin da ya ƙera motar ko babban wakilinsa, ka tambaye su kai tsaye ko sabis a gareji mai zaman kansa yana shafar garantinka, ka kuma adana amsar. Amsar da aka ba ka a waya ba ta da amfani ranar gardama.

Mataki na biyu: ka riƙe jadawali da kyau

Jadawalin sabis yakan zo da ma'auni biyu, nisan tafiya da tsawon lokaci, kuma wanda ya riga zuwa shi ake bi. Idan littafi ya ce kilomita 15,000 ko wata 12, motar da ta yi kilomita 4,000 kacal a shekara ita ma lokacinta ya yi, domin baƙin mai yana tsufa ko da mota tana ajiye, yana tara danshi da ragowar fetur. Mutane da yawa suna kallon kilomita kawai su manta da kalanda, kuma wannan ita ce hujja mafi sauƙi da kamfani yake samu a kansu. Wasu kamfanoni suna ɗaga ƙafa na 'yan makonni ko 'yan ɗaruruwan kilomita, amma shawarata ita ce ka ɗauka babu wannan rangwame, ka kai motar kafin wa'adi ya cika.

A cikin littafin za ka tarar da jadawali na biyu, na aiki mai tsanani, wanda yawancin masu mota suke tsallakewa suna zaton na manyan motocin kaya ne. Gajerun tafiye-tafiyen da inji ba ya gama ɗaukar zafi, da tsayuwa cikin cunkoso inji na aiki, da hanya mai ƙura, da zafi ko sanyi mai yawa, da jan tirela, duk suna cikin abin da ake kira aiki mai tsanani, kuma jadawalinsu yakan rage tazarar canjin mai zuwa kusan rabi. Ka faɗa wa kanka gaskiya a kan irin tuƙin da kake yi. Kuma ka tuna sabis bai tsaya a baƙin mai ba, akwai man birki da kamfanoni da yawa suke cewa a canza duk shekara biyu saboda yana shan danshi, akwai filtar iska, da fulogi, da ruwan lagireto, da man giya, da bel ɗin taimin a motocin da suke da shi. Garejin waje dole ya yi duk abin da jadawalin ya lissafa a wannan zango, har da dube-duben da ba a canza komai a cikinsu.

Mataki na uku: zaɓen gareji

A nan ba na ganin akwai dogon bayani. Kana buƙatar gareji mai rajista, mai adireshi tsayayye, wanda yake bayar da rasit mai ɗauke da sunansa, kuma yake da inshorar da za ta biya idan ma'aikacinsa ya yi ɓarna. Ka tambaye su ko suna samun bayanan gyara na kamfanin motarka, ko suna da na'urar da take karanta kwamfutar irin wannan mota, ko kuma suna amfani da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Garejin da ya ƙware a kan mota iri ɗaya ya fi wanda yake karɓar komai, kuma sau da yawa za ka tarar mai shi a wurin dila ya koyi aikin. Ka gaya masa tun kafin ya taɓa motar cewa tana cikin garanti, kuma kana so a bi jadawalin kamfani sau da ƙafa. Bakaniken da ya ji haka ya ɓata rai, ko ya ce duk mai ɗaya ne, ka ɗauki motarka ka yi gaba.

Yin sabis da hannunka ma yana yiwuwa a wasu ƙasashe, Amurka na ciki, amma tabbatar da shi ya fi wuya, kuma wasu takardun garanti sun ambaci cewa ƙwararre ne zai yi aikin. Ni dai ina ganin a bar wannan sai garanti ya ƙare.

Mataki na huɗu: baƙin mai da kayan gyara

Nan ne ake yin kuskure mafi tsada, saboda haka a yi haƙuri in ɗan daɗe. Ɗauki galan ɗin baƙin mai ka juya bayansa. A gaba an rubuta lambobi manya irin su 5W-30 ko 0W-20, waɗanda suke nuna kaurin man a cikin sanyi da kuma cikin zafi, kuma yawancin mutane a nan suke tsayawa. A baya kuwa, cikin ƙananan haruffa, akwai abin da kamfani zai nema ranar da injin ya samu matsala, wato matsayin ingancin da man ya cika. Akwai matsayi na gama-gari, kamar API SP na Amurka wanda ya fito a 2020, ko ACEA C3 na Turai. Akwai kuma na kamfanoni, kamar VW 504 00 da 507 00 na Volkswagen, da MB 229.51 na Mercedes, da Longlife-04 na BMW, da dexos1 na General Motors. Galan biyu suna iya zama duk 5W-30, ɗaya ya dace da motarka, ɗayan ya zama sanadin lalacewarta. Motar dizal mai matatar toka a bututun hayaƙi, alal misali, tana buƙatar mai mai ƙarancin toka, kuma idan aka riƙa zuba mata wanda ba shi ba, matatar za ta toshe a hankali, kuma canza ta ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Ka lura da lafazin da aka yi amfani da shi a jikin galan. Wani ya ce kamfanin mota ya gwada man ya amince da shi, wani kuma ya ce man ya dace da wannan matsayi a ganin mai yin sa. Na farkon shi ne hujja mai ƙarfi, na biyun da'awa ce ta mai sayarwa. Muddin mota tana cikin garanti, wanda aka amince da shi za ka saya, ko da ya fi tsada kaɗan. Garejoji da yawa daga babban duro suke zuba mai, wannan ba laifi ba ne, amma ka nemi ka ga rubutun jikin duron, kuma a rubuta sunan man a rasit.

Man giya ya fi baƙin mai tsanani. Giyar atomatik iri-iri ce, kuma kowacce da ruwanta: giyar Nissan ta zamani da ake kira CVT, wadda ba ta da hawa-hawa, man NS-3 take sha, ta Toyota ta yau da kullum kuwa akasari WS, kuma ba sa maye gurbin juna. Ruwan lagireto ma haka, launinsa ba ya nuna sinadarinsa, kuma gauraya iri biyu da ba sa jituwa yana iya haifar da laka a cikin hanyoyin ruwa. A waɗannan biyun ina ba da shawarar ka je kantin kayan gyara na dila ka sayo na kamfanin da kanka, ka miƙa wa bakanikenka. Ba wanda ya hana ka sayen kaya a wurin dila ka yi aiki a wani wuri, kuma rasit ɗin dilan da kansa ya zama shaida a hannunka.

Sauran kayan gyara hawa uku ne. Akwai wanda ya zo a kwalin kamfanin mota, akwai wanda masana'antar da take yi wa kamfanin kaya ta fitar da sunanta, irin su Bosch, Denso, Mahle, Mann ko NGK, sannan akwai na wasu masana'antu da suke kwaikwayo, daga mai kyau har zuwa marar amfani. Ƙa'idar Turai ta yarda da kayan asali da kuma kayan da ingancinsu ya yi daidai da na asali, saboda haka hawa na biyu ba shi da matsala, kuma sau da yawa abu ɗaya ne kwali ne kawai ya bambanta. Haɗarin da ya fi girma shi ne jabu, domin filta da fulogi suna cikin kayan da aka fi yi wa na bogi, kuma jabun a kwalin babban kamfani yake zuwa. Filtar mai ta jabu daga waje ba ta da aibu, amma idan aka yanka ta za a ga takardar tacewa 'yar kaɗan, wani lokaci ma babu bawul ɗin da yake hana mai komawa ƙasa idan an kashe inji. Ka sayi kaya daga wakilin da aka sani, kuma farashin da ya faɗi ƙasa da hankali ya isa ya sa ka shakka.

Mataki na biyar: takarda

Wani abokina ya taɓa kai motarsa wurin dila tana da shekara biyu, turbo ɗinta, wato na'urar da take ƙara wa inji ƙarfi, ya lalace. Ya yi mata sabis sau uku a garejin waje, duk a kan lokaci, kuma na san bakaniken mutum ne mai tsoron Allah a aikinsa. Da aka ce ya kawo shaida, sai ya fito da 'yan takardu uku, kowacce an rubuta kalmar sabis da adadin kuɗi da sa hannu, babu lambar mota, babu kilomita, babu sunan mai. Ma'aikacin da ya karɓa bai ƙaryata shi ba, ya dai ce wannan takarda ba ta nuna wace mota aka yi wa aiki ba, balle wane mai aka zuba. Watanni aka yi ana kai-komo, daga ƙarshe ya biya mafi yawan kuɗin daga aljihunsa. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin aikin an yi shi daidai, minti biyar na rubutu ne kawai aka rasa.

Rasit ɗin da zai tsaya maka dole ya ɗauki sunan gareji da adireshinsa da lambar rajistarsa, da kwanan wata, da lambar motar, da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 wadda ake kira VIN, da kilomitar da take kan mita a ranar. Sannan a jera aikin ɗaya bayan ɗaya: sunan baƙin mai da kaurinsa da matsayinsa da yawan litar da aka zuba, sunan kowace filta da lambarta, da duk abin da aka duba ko da ba a canza shi ba. A ƙasa ka roƙi a rubuta cewa an yi sabis ɗin bisa jadawalin kamfani na wannan zango. Kada ka bar garejin sai ka karanta rasit ɗin a tsaye, ka gwada kilomitar da aka rubuta da wadda take kan mita, domin kuskuren lamba ɗaya yana iya nuna kamar ka tsallake zango guda.

Bayan rasit, a buga hatimin gareji a littafin sabis a cike gurbin wannan zango. Ni nakan ƙara da hotuna uku a waya: mitar kilomita, bayan galan ɗin mai, da kwalin filta inda lambarta take. Nakan kuma yage gefen kwalin mai lamba in maƙala shi a jikin rasit. Yawancin ƙananan rasit da inji yake bugawa a kan takarda mai santsi suna gogewa cikin shekara ɗaya ko biyu, musamman idan aka bar su a aljihun mota cikin zafi, don haka ka ɗauki hotonsu a ranar, ka ajiye na asalin a gida cikin fayil guda. Biyan kuɗi ta banki ya fi biya hannu da hannu, saboda yana barin sawun da ba a iya ƙirƙira daga baya.

Kamfanoni irin su BMW, Mercedes, Volkswagen da Mazda sun daina bayar da littafin sabis na takarda a kasuwanni da yawa, tarihin motar yana ajiye ne a rumbun kwamfutar kamfani. Garejoji masu zaman kansu suna iya yin rajista su riƙa shigar da aikinsu a wannan rumbu, kuma idan motarka irin wannan ce, tambayar farko da za ka yi wa bakanike ita ce ko yana da wannan rajista. In yana da ita, ka karɓi kwafin abin da ya shigar. In ba shi da ita, rasit ɗinka yana nan a matsayin hujja, amma dila zai buɗe kwamfuta ya ga kamar ba a taɓa yi wa motar komai ba, kuma daga nan gardama take farawa. A tabbata kuma an sake saita alamar sabis da take fitowa a gaban direba, domin wasu motoci suna adana tsawon tafiyar da aka yi bayan alamar ta kunna.

Abin da ba na garejin waje ba ne

Sabis daban, gyaran garanti daban. Idan wani abu ya lalace wanda kake ganin laifin ƙira ne, wurin dila za ka kai, domin shi kaɗai kamfani yake biya. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a bar bakanike na waje ya kwance abin domin ya gano matsalar. Da zarar an buɗe inji ko giya, kamfani zai ce ba ya iya sanin halin da suke ciki kafin a taɓa su. Bakanikenka ya duba daga waje, ya karanta lambobin matsala da na'urarsa, ya buga maka su a takarda, amma kada ya goge su daga kwamfutar motar, saboda su ne shaidar abin da ya faru da lokacin da ya faru. Kuma idan fitilar mai ko ta zafi ta kunna, ka tsaya nan take, domin ci gaba da tuƙi bayan gargaɗi hujja ce mai zaman kanta ta ƙin biya.

Kiranyen da kamfani yake yi idan an gano aibu a wani rukunin motoci shi ma aikin dila ne, kyauta ne, kuma bai dogara da inda kake sabis ba. Kiranyen jakunkunan iska masu kare mutum yayin haɗari, ƙirar kamfanin Takata, wanda ya shafi miliyoyin motoci na kamfanoni da yawa, ya nuna cewa wannan batu ne na rai. Wanda ba ya zuwa wurin dila yana iya rasa labari, don haka ka riƙa shigar da lambar shasinka a shafin kamfani sau ɗaya ko biyu a shekara, ka kuma sanar da su idan ka canza adireshi. Sabunta manhajar kwamfutar mota, da duk abin da ya shafi babban batirin motar lantarki ko mai haɗa fetur da lantarki, a ganina su ma a bar wa dila, sai fa garejin da yake da horo da izini na musamman.

Game da sauye-sauye kuwa, magana ɗaya ce: sake rubuta manhajar inji domin ƙara masa ƙarfi, ko cire matatar hayaƙi, ko yanke wayoyi domin haɗa wata na'ura, duk suna ba kamfani hujja ta gaskiya, kuma ana iya gano canjin manhaja ko da an mayar da ta asali.

Idan aka ƙi biya

Kada ka yi faɗa da ma'aikacin da ke kan kanta, domin sau da yawa ba shi ne mai yanke hukunci ba. Ka nemi a ba ka dalilin ƙin a rubuce, tare da sashen takardar garanti da aka dogara da shi, da bayanin yadda sabis ɗin waje ya jawo wannan lalacewa takamaimai. A Amurka matsayin FTC shi ne kamfani ne zai nuna cewa kayan waje ko aikin waje ne ya haddasa matsalar kafin ya ƙi biya, kuma tambayar nan kaɗai takan sa a sake duba magana. Ka hana a zubar da abin da ya lalace, kuma idan batun inji ne ka sa a ɗebi man da ke ciki a kwalba mai tsabta a gabanka, domin ɗakin gwaji yana iya tantance irin man da kuma halin da yake ciki. Daga nan ka rubuta wa kamfanin da kansa, ka haɗa da kwafin takardunka, na asalin su zauna a hannunka. In hakan bai yi ba, sai rahoton injiniya mai zaman kansa, sannan hukumar kare haƙƙin masu saye ko mai sasanci na harkar motoci a ƙasarka, kotu ta zama ta ƙarshe. Idan kuma bincike ya nuna laifin garejin ne, to shi za ka bi, kuma a nan ne inshorar da ka tambaya tun farko za ta yi aiki.

Akwai wani abu da doka ba ta tilasta ba, kuma ya kamata ka saka shi a lissafi. Idan babban abu ya lalace jim kaɗan bayan garanti ya ƙare, kamfanoni sukan ɗauki wani kaso na kuɗin gyara don kyautatawa, kuma sun fi yi wa wanda tarihin sabis ɗinsa yake wurin dilolinsu. Saboda haka mota mai giya mai sarƙaƙiya, ko wadda aka san irinta da wata cuta, ina ganin hikima ce a raba aikin: ƙananan sabis a garejin waje, manyan zanguna a wurin dila. Ko da wane tsari ka bi, wata biyu kafin garanti ya ƙare ka sa bakanikenka ya ɗaga motar ya bi ta ƙasa da fitila, ya duba yoyon mai da na ruwa, da robobin ƙafa, da duk wata ƙara da ka saba ji ka ƙyale, ya kuma karanta kwamfutarta. Abin da ya gano ka rubuta shi, ka kai wa dila tun wa'adi bai cika ba, ka karɓi takardar da ta nuna ranar da ka kai ƙorafin da kilomitar da motar take kai a ranar, ko da sun ce kayan gyaran sai bayan wata guda za su iso.